Tambayi Likitan Haƙori: Ƙurjin dasashi da ke fashewa yana dawowa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗiyata shekararta biyar. Tun kafin azumi turminta na ƙasa, ɓarin hagu, ya yi rami, ta yi kwanaki tana kuka da dare, ko kunu mai ɗumi ba ta iya sha ta wannan gefen. Daga baya ciwon ya lafa da kansa, muka gode wa Allah. To yanzu wani ɗan ƙurji ne ke fitowa a dasashi kusa da haƙorin, ya cika ya fashe, mugunya ta fita, bayan 'yan makonni ya dawo. Ba ya yi mata zafi sosai. Uwar mijina ta ce a ƙyale shi, tunda haƙorin na famfara ne zai faɗi da kansa. Mi ke kawo wanga ƙurji, kuma a ƙyale shi ko a'a?
Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba yarinya lafiya. Kada a ƙyale shi. A kai ta wurin likitan haƙori cikin makon nan idan da hali. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne inda kika ce ciwon ya lafa da kansa. Haƙorin da ya hana yaro barci, sannan ya yi tsit ba tare da an yi masa komai ba, galibi mutuwa ya yi, kuma ƙurjin nan shi ne shaida.

Bari in bi miki abin tun daga tushe. Haƙori yana da rai. Farin da muke gani ɓawo ne mai tauri, ƙarƙashinsa akwai wani sashe da bai kai shi tauri ba, can tsakiya kuma akwai ɗan kogo cike da ɓargo mai laushi, wanda ke ɗauke da jijiyoyin jini da jijiyar jin zafi. Ɓargon yana bi ta cikin saiwoyi har ya tarar da ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran yarinta guda 20 ne, dukkansu ɓawonsu bai kai na manya kauri ba, kogon ɓargonsu kuma babba ne idan aka gwada da girman haƙorin. Shi ya sa ramin da zai daɗe a bakin babba kafin ya kai ɓargo, a bakin yaro nan da nan ya isa. Masu haƙa ramin kuwa ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a kan haƙori, wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Streptococcus mutans. Suna cin sukarin da ya maƙale bayan alewa ko biskit ko shayi, su fitar da tsami mai narkar da ɓawon.

Dararen da ta yi tana kuka, ga abin da ke gudana a ciki. Da ƙwayoyin cuta suka matso kusa da ɓargo, ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a wurin sai suka fara sakin wasu ƙananan sinadarai da ake kira sitokayin. Aikinsu kai saƙo ne: wannan ƙwaya ta saki, waccan ta karɓa ta aikata abin da aka umarce ta. Na gaba-gaba a irin wannan hali su ne intalukin-1, da intalukin-6, da wani mai suna TNF-alfa. Su ke sa jijiyoyin jini su buɗe, jini ya kwararo, ruwa ya tsattsafo cikin nama. Intalukin-8 kuma shi ke kiran fararen ƙwayoyin jini su baro cikin jijiya su nufi inda ake ɓarna. Sannan jiki yana haɗa wani sinadari, furostagilandin, wanda ke sa jijiyar jin zafi ta koma abu kaɗan ke tayar da ita, har kunu mai ɗumi ya gagari sha. Idan yatsa ne ya kumbura, yana da filin da zai buɗa. Ɓargon haƙori kuwa a rufe yake ta ko'ina, sai kumburin ya koma yana matse kansa. Da yarinya ta kwanta jini ya ƙara hawa kai, sai zugin ya tsananta, shi ya sa iyaye suka fi sanin ciwon haƙori da dare.

Idan aka ci gaba a haka, ɓargon yakan mutu, jijiyar jin zafi ta mutu tare da shi. Wannan ne sauƙin da kuka gani. Amma kogon da saiwoyin sun zama wurin da jini ba ya shiga, fararen ƙwayoyin jini kuwa ta jini suke tafiya, saboda haka ba su da hanyar isa can. Nan wasu ƙwayoyin cuta da ba sa son iska suke samun mafaka su hayayyafa, gubarsu tana tsiyaya waje. A haƙorin babba ta ƙarshen saiwa take yawan fita. A turmin yaro kuwa, ƙasan kogon siriri ne kuma sau da yawa yana da 'yan mitsi-mitsin ƙofofi, sai gubar ta sauka daidai tsakanin saiwoyi. Dalilin ke nan da ƙurjin yara ke fitowa kusa da bakin dasashi maimakon can ƙasa.

Yanzu kuma saƙon ya koma cikin ƙashi, kuma nan ne nake so ki fi lura. Ƙashinmu kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Akwai ƙwayoyin jiki masu cin ƙashi, ba sa tashi aiki sai sun sami wani saƙo da ake kira RANKL. Akwai kuma wani sinadari, OPG, wanda ke cafke RANKL kafin ya isa gare su. A muƙamuƙi mai lafiya su biyun suna tafiya daidai wa daida. Da intalukin-1 da TNF-alfa da intalukin-6 da intalukin-17 suka yawaita a gindin mataccen haƙori, sai RANKL ya rinjayi OPG, masu cin ƙashi su kama aiki ba ji ba gani. Wato yawancin ƙashin da ke narkewa a wurin, jikin yarinyar ne da kansa ke narkar da shi. Kamar gobara ce a kasuwa, inda mutane ke rushe rumfar da ke kusa don kada wuta ta tsallaka: jiki yana janye ƙashi daga inda cutar take, ya cike gurbin da nama mai ɗauke da ƙwayoyin garkuwa don ya killace ta. Dabara ce mai amfani, amma muddin wutar ba ta mutu ba, rushewar ba za ta tsaya ba. Mugunyar da ke taruwa, mafi yawanta gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne, ita ce ke huda ƙashi da dasashi ta sami mafita. Tunda tana fita, matsi ba ya taruwa, shi ya sa ba ta jin zafi sosai. Ranar da ƙofar ta toshe, ranar ce kunci zai iya kumbura.

An daɗe ana bin diddigin wannan. A 1972 masana a Amurka suka gano cewa fararen ƙwayoyin jini na sakin wani abu mai sa ƙashi ya narke, sai a 1985 aka tabbatar a birnin Boston cewa intalukin-1 ne babba a cikinsa. OPG an bayyana shi a 1997, matsayin RANKL wajen tayar da masu cin ƙashi kuma ya fito fili a 1998.

Sai maganar Inna, uwar mijinki. Maganarta tana da tushe, don da haƙorin gaba ne mai girgiɗa a bakin ɗan shekara shida ko bakwai, wanda kwanansa ya riga ya ƙare, da sai in ce da sauƙi. Turmi kuwa daban ne. Turamen yarinta ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12, ke nan na ɗiyarki yana da sauran shekara biyar ko fiye a gaba. Ba za a bar mugunya a muƙamuƙin yarinya tsawon wannan lokaci ba. Abu na biyu, haƙorin dindindin da zai gaje shi yana kwance ne daidai tsakanin saiwoyin nan, inda gubar ke sauka, kuma a shekara biyar ɓawonsa bai tabbata ya gama ƙosawa ba. Kumburin da ya kai gare shi yana iya sa ya fito da tabo rawaya ko ruwan ƙasa, ko da ɓawo mai lotsawa, abin da likitoci ke kira haƙorin Turner. Na uku, narkewar saiwar da ke sa haƙorin famfara ya faɗi a kan lokacinsa ita ma da RANKL jiki ke yin ta, a hankali, cikin tsari. Idan cuta ta ingiza saƙon, saiwa takan narke tun lokaci bai yi ba.

Idan aka kawo mini irin wannan yarinya, nakan ɗaga leɓenta in danna dasashin a hankali da ɗan yatsa, sai ɗigon mugunya ya ɓullo ta kan ƙurjin, ita kuwa ko gezau. Iyaye da yawa a nan suke yarda akwai matsala. Daga nan sai hoto. A hoton, ƙashi mai lafiya fari-fari yake, inda ya narke kuma sai ya fito baƙi tsakanin saiwoyi. Ƙarƙashin baƙin za ki ga kan sabon haƙori, zagaye da wani siririn farin layi, wanda shi ne ƙashin da ya kewaye shi. Wannan layin nake fara dubawa. Idan yana nan bai yanke ba, saiwoyin kuma da sauransu, ana iya ceton haƙorin: a kashe wurin da allura, a buɗe, a kwashe mataccen ɓargo, a wanke saiwoyin, a cika su da wani haɗi mai narkewa tare da saiwar idan lokacin famfara ya zo, sannan a rufe sama da ciko ko hular ƙarfe. Idan layin ya yanke, ko haƙorin ya ruɓe har babu abin riƙewa, cirewa ita ce maslaha, kuma ba na jinkiri a kanta. Bayan cirewa akan duba ko ana buƙatar ɗan ƙarfen riƙe gurbi, saboda turmin dindindin na farko yana fitowa ta baya wajen shekara shida, in ya tarar da giɓi sai ya matso gaba ya tare wa sabon haƙorin da ke ƙarƙashin giɓin hanya. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ki yi wa Inna bayani cikin ladabi, ko ma ku tafi tare da ita ta ga hoton da idonta.

Tambaya: Likita, yarona ɗan shekara shida kuncinsa yakan kumbura saboda haƙori. Duk lokacin da ya taso nakan je kemis a haɗa mana ampiclox da wani ɗan ƙaramin ƙwaya da suke ce ma deksa, kafin kwana biyu ya sace. Amma ba a daɗewa sai ya dawo. Ko akwai maganin da ya fi wannan ƙarfi da zai kashe abin gaba ɗaya?
Daga wani mahaifi, Runjin Sambo.

Amsa: Malam, babu ƙwaya ko allurar da za ta gama da shi, komai tsadarta, kuma ina roƙonka don Allah ka daina wannan haɗin. Duk maganin da aka sha, jini ne ke ɗaukarsa ya kai shi inda ake buƙata. Cikin mataccen haƙori kuwa jini ba ya shiga. Maganin yana kashe ƙwayoyin cutar da suka fito cikin nama, kumburi ya sauka, amma waɗanda ke cikin saiwa suna nan, da an gama shan magani sai su sake turo guba.

Akwai wani tsohon bincike da ake koya wa duk ɗalibin haƙori. A 1965 Kakehashi da abokan aikinsa a Amurka suka huda haƙoran ɓeraye har ɓargo, suka bar su a buɗe. Ɓerayen da aka rena a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, ɓargonsu bai mutu ba, har ya soma toshe ramin da kansa. Ɓerayen gama-gari kuwa ɓargonsu ya mutu, ƙuraje suka fito a gindin saiwa. Tun daga nan aka daidaita cewa ƙwayoyin cutar da ke cikin haƙori su ne mafarin komai, kuma kumburi ba ya ƙarewa sai an fitar da su da hannu, ko dai a wanke saiwa ko a cire haƙorin. Da an yi haka, sinadaran kumburi suna ja baya da kansu, ƙashin da ya narke ya sake cikowa cikin watanni. Jikin yaro yana da saurin gyara kansa idan aka ɗauke masa abin da ke tsokanarsa.

Deksa ta fi damuna. Cikakken sunanta deksametason, aikinta shi ne ta hana jiki ƙera sitokayin, shi ya sa kumburi ke sacewa da sauri har ka ga kamar an warke. Amma saƙon da ta toshe shi ne mai kiran ƙwayoyin garkuwa, ke nan ta ɗaure wa jikin yaro hannu alhali cuta tana nan. Yawan shanta kuma yana iya taɓa girman yaro da ƙarfin ƙashinsa. Ba magani ba ne da za a riƙa miƙa wa yaro a kan kantar kemis. Haka nan kafso mai ja da rawaya, wato tetirasaikilin: idan yaro da bai kai shekara takwas ba ya sha, yana iya rina haƙoran dindindin da ke ƙosawa a cikin ƙashi, su fito da launin da goge baki ba ya fitarwa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da wurinsa, idan kumburi ya bazu a fuska ko akwai zazzaɓi, amma likita ne zai rubuta gwargwadon nauyin yaro, kuma tare da aiki a kan haƙorin. Kafin ku isa asibiti, farasitamol ko ibufurofen na yara ya isa rage zafi. Ibufurofen yana hana haɗa furostagilandin ne, shi ya sa yake kama ciwon haƙori da kyau. A ba shi bayan ya ci abinci, kuma a kula da ruwan sha, musamman a zafin Maris da Afrilu da garin nan ke wuce digiri 40, don ba a son ba da shi ga yaron da ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ko mai amai da gudawa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. An koya mana cewa sitokayin ne ke kawo kumburi. To me zai hana a yi maganin da zai toshe su, ƙashin yaro ya tsira? Kuma ana iya auna su a asibiti a gane ko haƙori zai warke?
Daga wata ɗaliba, Gawon Nama.

Amsa: Ƙanwata, tambayarki ta yi mini daɗi, kuma masana sun riga ki yin ta. An gwada a ɓerayen da aka hana jikinsu karɓar saƙon intalukin-1 da TNF, aka sa musu cuta a saiwar haƙori. Maimakon su tsira, cutar sai ta fi cin ƙarfinsu. Sinadaran da ke narkar da ƙashi su ne dai ke tsare jiki. Ko a manya, magungunan toshe TNF da ake ba masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi an san suna ƙara haɗarin tarin fuka. Ba za a ɗora wa ɗan shekara biyar irin wannan kasada ba a kan abin da wanke saiwa ko cire haƙori ke magancewa.

Ki kuma riƙe cewa ba duka sitokayin ke hura kumburi ba. Intalukin-10 da TGF-beta aikinsu kwantar da shi ne, TGF-beta har yana taimakawa wajen gyaran nama. Ɓerayen da ba su da intalukin-10, ramin da ke buɗewa a ƙashin gindin haƙorinsu ya fi na sauran girma nesa ba kusa ba. Girman ɓarnar da za ki gani a hoto ya dogara ne da yadda masu hurawa da masu kwantarwa suka daidaita a jikin wannan yaron, tare da irin ƙwayoyin cutar da yawansu. Wannan yana cikin dalilan da za ki ga yara biyu da rami iri ɗaya, ɗaya ɗan ƙurji ne kawai, ɗaya fuska ta haye.

Batun aunawa kuwa, masu bincike suna auna su a jinin ɓargon haƙori da ruwan da ke tsattsafowa a bakin dasashi, da fatan wata rana a san tabbas ɓargon da zai farfaɗo da wanda ya wuce gyara. Har yanzu abin bai zama gwajin yau da kullum a ɗakin likitan haƙori ba. Abin da muke dogara da shi shi ne labarin da uwa ta bayar, da hoto, da yadda jini ke fita idan aka buɗe kogon: ja mai haske da ke tsayawa bayan an danna auduga na 'yan mintuna alama ce mai kyau, mai duhu da ya ƙi tsayawa kuma yana nuna kumburi ya sauka cikin saiwa. Gwaji ɗaya da za ki ci karo da shi a ɗakin jinya shi ne CRP, wanda hanta ke ƙerawa idan intalukin-6 ya iso mata. Ba ya nuna inda cutar take, yana nuna dai jiki gaba ɗaya ya ɗauki zafi.

Tambaya: Likita, jikana ne na ke riƙo, shekararsa huɗu. Haƙorinsa na sama ya ruɓe, kunci ya kumbura, ga masassara, ga kaluluwa ƙarƙashin haɓa, ya ƙi cin abinci. Maƙwabta na cewa kada ya zama ciwon nan mai cin fuska da ake kai yara asibitin noma. Wasu sun ce a kai shi ga wanzami ya yi sakiya. Ni kuma ina tsoron a cire haƙorin sama, an ce yana taɓa ido.
Daga wata kaka, Bodinga. Ɗanta ne ya rubuto a madadinta.

Amsa: Inna, sannu da ɗawainiya, Allah Ya saka da alheri. Idan har yanzu yaron yana cikin wannan hali, a bar komai a kai shi asibiti yau. Masassarar da ƙin cin abincin suna nuna sinadaran kumburi sun shiga jini sun kai ƙwaƙwalwa, inda ake daidaita zafin jiki da sha'awar abinci. Kaluluwar kuma wurin da ƙwayoyin garkuwa ke taruwa ne, ta kumbura saboda aiki ya yi mata yawa. Ke nan abin ya wuce gindin haƙori. Kumburin haƙorin sama yana iya hawa wajen ido, na ƙasa kuma ya gangara ƙarƙashin harshe da wuya. Duk yaron da idonsa ya fara rufewa, ko bakinsa ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta gagara, ko numfashi ya canza, ko ya yi laushi yana ta barci, ko tsakar dare ne a nemi mota. Idan yana da sikila, a faɗa wa likita tun a ƙofa. A gwada shi maleriya kuma, don samun ciwon haƙori ba ya hana ta.

Cire haƙorin sama ba ya taɓa ido, Inna. Jijiyar gani hanyarta daban. Mugunyar da aka bari ita ce abin tsoro ga ido. Sakiya kuma kada a yi, kada a gasa kuncin da tsumma mai zafi. Hudawa ta waje tana barin tabo a fuska, tana iya shigar da wata cutar, haƙorin da ke haddasa abin kuma yana nan.

Cutar noma daban take da ƙurjin saiwa. Ita daga gyambon dasashi take farawa, da jini da wari mai tsanani, cikin kwanaki kaɗan ta ci kunci ko leɓe. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko maleriya. Idan aka tare ta tun tana dasashi, magani da abinci mai gina jiki da tsabtar baki suna tsayar da ita. Asibitin yara masu noma yana nan Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Daga bayaninki ya fi kama da kumburin haƙori, amma ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba. A buɗe bakinsa a gaban ma'aikacin lafiya, in an ga gyambo mai toka-toka a dasashi ko wani wuri a kunci ya fara duhu, a wuce da shi can kai tsaye.

Tambaya: Ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori, kuma kanumfari ko asfirin da aka cusa a ramin yana kashe ta. Gaskiya ne?
Daga wani mai karatu, Wamakko.

Amsa: Babu tsutsa a haƙori, ɗan'uwa, ko da mai turare ya nuna maka wani abu a cikin kwano. Kanumfari yana da wani mai, yujinol, wanda ke rage zafi na ɗan lokaci, har muna amfani da shi a wasu haɗe-haɗen ciko, amma ba ya kai wa ga abin da ke cikin saiwa, kuma tsantsar mansa yana ƙona dasashin yaro. Asfirin da aka danna a rami yana ƙona nama ya bar farin gyambo, shansa kuma ba a yarda da shi ga yara ba saboda yana iya jawo wata mummunar cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Abin da ke hana ramin tun farko shi ne goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid, tun daga haƙorin farko da ke fitowa wajen wata shida. Ƙasa da shekara uku a shafa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake, babba ne zai goge masa, ya tofar ba tare da ya kuskure baki da ruwa ba. Asuwaki yana da kyau wajen cire datti, a haɗa shi da man. Yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin illa, saboda haka alewa ko tuwon madara a ba shi tare da abinci, kada ya wuni yana tsotsa, kuma kada ya kwanta da shayi ko lemo a baki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta yara miliyan 514 ne ke da ruɓewar haƙoran yarinta. Sau ɗaya a wata ka ɗaga leɓen ɗanka a cikin haske ka duba gindin haƙoran gaba na sama da saman turame. Farin tabo kamar alli ko ɗigon ruwan ƙasa shi ne matakin da ake iya tsayar da shi da shafa magani ko ɗan ciko, sau da yawa ko allura ba a buƙata.